Takarda Ta Talatin

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku kwana biyu. Ba jan aji ba ne, wallahi gajiya ce. Sati uku ke nan da maganar layin keke nake kwana, da ita nake tashi. A ofis ita ce, a gida ita ce, har a wayata ita ce. Wata a cikinku ta rubuto min tana cewa, "Baiwar Allah, mu fa labarin soyayya muka zo karantawa, ina ruwanmu da kwalta?" Gyara zama ki ji, 'yar'uwa. Ni ma da can haka na ɗauka, sai ga aurena ya zo ya rataya a jikin wani ɗan shingen kankare da bai kai gwiwata ba.

Ga waɗanda yau suka fara bi na: ina aiki a ofishin tsara birni, sashen jin ra'ayin jama'a. Sunan ne kawai babba. Aikin dai in buɗe akwati, in zazzage takardu, in ware su, in shigar a kwamfuta. Hukuma tana so ta yanki gefen titinmu ta yi wa masu keke layinsu, ta kare shi da shinge yadda mota ba za ta iya shiga ba. Gefen titin nan kuwa shi ne ƙofar shagon Babana, inda motar kaya take tsayawa ta sauke masa katifu shekara ashirin da biyu. Wanda nake so kuma mai gwajin jini ne a asibiti, da keke yake zuwa aiki, da keke yake zuwa wurina. A wayata Ƙararrawa na sa masa, don ba ya kira in ya iso, sai dai ya kaɗa ƙararrawar kekensa sau biyu a ƙofar gida. Baba kuwa bai taɓa ce masa komai ba sai "mai keken nan". Da ƙyar da siɗin goshi ya amince manyansa su zo ranar Asabar ɗin nan. Kuma a gidanmu ba a faɗin kalmar keke da ƙarfi, dalilin yana gaba.

Ranar Lahadin waccan Baba ya shigo da la'asar da ƙunshin takardu a hammata. Gwaggo, ƙanwarsa, ta zo wuni, ta baje a doguwar kujera ta tuɓe ɗankwali tana fifita da shi. Umma tana ninke wanki a kan darduma. Ina ganin takardun na gane su, ni na buga su da hannuna.

Baba ya ajiye su gaban Umma. "Ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta raba, kowane mai shago talatin. Ke rubutunki ya fi na kowa kyau, ki cike su duka. Ban yarda ba, zai kashe kasuwa. Iyakar abin da za ki rubuta ke nan."

Na ce, "Baba, ai kowa tasa yake cikewa, domin a ofis idan aka ga..."

"Ke aka tambaya?"

Gwaggo ta tuntsire da dariya. "Ka ji ta ko, Yaya? Tun ba a kai ta gidan mai keke ba ta fara taka masa feda. 'Yar nan, 'ya'yan mutane suna kawo masu mota har da mai sanyi a ciki, ke kin kwaso mana wanda in an yi ruwa sai an shanya shi."

Na ja bakina na yi shiru. Da na ƙarasa maganar nan da duk abin da ya biyo baya bai faru ba, amma na gaji, kuma Asabar tana gabana, ba na son abin da zai taɓa ta. Umma ta jawo takardun gabanta. Ta gama ninke wankinta, ta ɗauko tabaranta da shuɗin biro, ta jawo ƙaramin tebur. Umma malamar firamare ce kafin ta ajiye aiki, ita ta kama hannuna ta koya min rubutu, shi ya sa har gobe ba a bambance nawa da nata. Wutsiyar "y" ɗinmu iri ɗaya ce, mai lanƙwasa kamar ƙugiyar rataye kaya.

Ina shiga ɗaki saƙon Ƙararrawa ya shigo.

"Na cike tawa na jefa. Na rubuta har bayan takardar. Ranar taro zan tashi in yi magana."

"Don girman Allah kada ka zo."

"Me ya sa?"

"Baba zai zauna a layin gaba. Kana buɗe baki Asabar ta tashi."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Can ya turo: "Ni nake ɗibar jinin waɗanda ake kwasowa daga titin nan. Wasu kafin in kai sakamako sama an ja musu zane. Amma saboda ke zan zauna a baya in kama bakina."

"Ka yi alkawari."

"Na yi. Hular kwanon ma in bar ta a gida?"

Na tura masa fuskar harara. Raina dai bai yi daɗi ba, don na san gaskiya ya faɗa, ni kuma na sa shi ya haɗiye ta.

Ranar Laraba muka buɗe akwatuna. Shugabar sashenmu, wadda muke kira Madam Jan Biro a bayan idonta, ta sa aka haɗa tebura uku aka zazzage komai a kai. Mace ce da ba ta dariya kafin azahar. Ta zo da doguwar riga ruwan toka, tabarau a rataye a wuya, jan bironta a bayan kunne. Fanka tana ta kwashe takardun, sai da muka danne su da kofunan shayi.

Jama'a, na ga ra'ayi. Wani ya ce a fara gyara magudanar ruwa tukuna. Wata ta ce ita ba ta da keke ba ta da mota, a dasa bishiya kawai ta samu inuwa. Wani direban tasi ya zana titin gaba ɗaya, ya saka kibiyoyi ya nuna inda zai riƙa sauke fasinja. Wani kuma ƙarar maƙwabcinsa ya kawo a kan kaji.

Madam ta ɗaga wasu takardu ta jera su a gaban taga. "Waɗannan hannu ɗaya ne. Waɗannan ma. Ikon Allah, har biron ba su canza ba." Ta saka tabarau ta dube mu ta samansa. "Kun san doka. Duk takardun da hannu ɗaya ya rubuta, ra'ayi ɗaya ne. A ɗaure su da roba, a ɗauki wadda take da lambar waya ta tsaya a madadin sauran. In babu mai lamba, a ɗauki ta sama."

Haka takardun 'yan kasuwa ɗari shida suka narke suka koma ashirin. Na ji tausayinsu, wallahi, don mutanen nan da gaske tsoro suke ji, dabarar ce kawai ba ta yi ba. Ina cikin ɗaurewa na iso kan ƙunshin da na sani. Shuɗin biro, wutsiya mai lanƙwasa. Ban yarda ba, zai kashe kasuwa. Ban yarda ba, zai kashe kasuwa. Na yi ta buɗewa har ashirin da tara, babu lamba ko ɗaya. Ta talatin ce take da lamba a ƙasa, kuma lamba ce da na haddace tun ina sakandare. Ga abin da ke ciki, na kwafe muku shi yadda yake:

"Na yarda a yi. Ɗana ya taso daga aiki a kan kekensa. Motar kaya ta tsaya tana sauke katifu, ta cinye gefen titi. Ya kauce mata ya shiga tsakiya, bas ta zo. Shekara uku ke nan. Ban riƙe kowa a raina ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ina roƙo a yi shingen da ƙwari, kada a yi na ganin ido. Kuma a ba masu shago wurin sauke kaya a lungun baya, su ma abincinsu suke nema."

Abin da ban taɓa gaya muku ba ke nan. Ina da wa, shi kaɗai ne namiji a gidanmu. A ƙofar shagon Baba abin ya faru, kuma katifun Baba ake saukewa. Tun ranar ba wanda ya sake maganar yadda aka yi, sai dai a ce "rasuwar Yayanku" a wuce. Kekensa yana sito a bayan kicin, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado, ƙafar gaba a lanƙwashe. Ban taɓa ganin Umma ta shiga siton nan ba, ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba murya ba. Ashe shekara uku tana ɗauke da maganar nan, sai da aka miƙa mata biro.

Na yi niyyar in naɗe takardar in cusa a jaka, in bar ta sama ta tsaya. Har na fara ninkewa sai na ji Madam a kaina.

"Mene ne wannan?"

Ta karɓa ta karanta a tsaye. Sannan ta zaro jan biron ta yi wa takardar alama a kusurwa. "Wannan tana cikin goman da za a karanta gobe. Ke za ki karanta, muryarki ta fi fita."

"Madam, da dai a ba wani..."

"Kina da dalili?"

Ina da shi mana, amma in na faɗa na tona Umma a gaban ofis gaba ɗaya. Na ce babu.

Da yamma na samu Umma a kicin tana yanka albasa, ta ɗaura zane a kan rigar gida, rediyo yana ta surutu a kan firij. Na rage muryarsa.

"Umma, takardun nan duka kika cike yadda Baba ya ce?"

"Talatin ya ba ni, talatin na mayar masa."

"An ɗaure su an mayar da su ɗaya. Mai lambar waya aka ɗauka. Gobe za a karanta ta a gaban mutane, kuma ni zan karanta."

Wuƙar ta tsaya, sannan ta ci gaba. "Ban san haka kuke yi ba. Na ɗauka za ta shige cikin tarin, wani ya gani ko kada ya gani."

"In kin ce in cire ta, zan san yadda zan yi."

"Aikinki ne ko ba aikinki ba?"

"Aikina ne."

"To ki yi aikinki." Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasar nan akwai yaji. "Kuma ki ɗaga murya. Kin cika haɗiye ƙarshen magana tun kina aji uku."

Ranar Alhamis da hantsi aka yi taron a ɗakin taro na makarantar unguwa. Na sa doguwar riga baƙa mai ƙananan furanni da farin mayafi, ko hoda ban shafa ba. Benci ya cika, wasu suna tsaye a jikin taga. 'Yan kasuwa sun kama layin gaba, Baba a tsakiyarsu da farar rigarsa mai guga, agogonsa na fita unguwa a hannu. Gwaggo ma ta zo, ban san wa ya gayyace ta ba. Can baya kusa da ƙofa na hango Ƙararrawa, ya sa rigar da na taɓa ce masa tana yi masa kyau, hular kwano a kan cinya. Bai bar ta a gida ba.

Awa biyu aka yi ana abu ɗaya. Injiniya ya nuna taswira, aka ce ba a gani. Shugaban 'yan kasuwa ya tashi ya ce mutum ɗari shida sun ce ba su yarda ba. Madam ta ce ashirin. Ɗakin ya kaure, wani yana cewa an yi maguɗi, wani yana cewa ai shi da matarsa rubutunsu iri ɗaya ne, su biyu suka cike talatin ɗin. Wata dattijuwa ta ce jikarta da keke take zuwa makaranta, kullum sai ta tsaya a ƙofa har ta dawo. Wani mai gyaran waya ya ce in babu wurin ajiye mota, wa zai tsaya ya saya? Kowa da gaskiyarsa, kuma ba mai sauraron wani. Kaina ya yi ta sarawa.

Sannan aka zo karatu. Abin da ban sani ba, Madam ta sa an kawo majigi. Duk takardar da na ɗauka sai a haska ta a bango, an rufe lambar waya da ɗan kwali. Na karanta tara, ban ma san me na karanta ba. Da na ɗauki ta goma, rubutun ya fito a bango ɓaro-ɓaro, kowace wutsiya ta kai tsawon hannuna.

Na ɗaga murya kamar yadda aka ce min. Da na kai "sauke katifu" sai ɗakin ya yi tsit, har ƙarar fanka ake ji. Mai sayar da katifa ɗaya ne a titin nan, kowa ya sani. Ban haɗiye ƙarshen ba, na karanta har "abincinsu suke nema". Da na ɗago, Baba ba ni yake kallo ba, bangon yake kallo. Ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa, ya bi ta tsakiyar mutane suna matsa masa. A bakin ƙofa Ƙararrawa ya tashi tsaye don girmamawa, hular ta suɓuce daga cinyarsa ta gangara har gaban Baba. Baba ya tsallake ta ya fita.

Ban san yadda aka rufe taron ba. Na ji dai an ce za a duba maganar lungun baya, za a sake zama. Kullum za a sake zama.

Da la'asar na koma gida. Baba bai koma shago ba. Yana falo a kujerarsa, bai ko cire agogon ba, shayin da aka kawo masa ya huce. Gwaggo tana gefe ta cika ta batse. Umma ba ta falon, na ji motsinta a kicin.

Gwaggo ce ta fara. "Sannu da aiki, 'yar albarka. Kin kyauta. Kin tsaya gaban duniya kin tuɓe wa ubanki riga saboda mai keke."

Baba ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Muryarsa a ƙasa take, kuma na fi tsoron ta a haka.

"Mutum biyu ne suke irin rubutun nan a duniya. Ɗaya shekara talatin muna tare, ba ta taɓa saɓa min ba. Takardun da na kai da hannuna kika zare ɗaya kika musanya. Shi ya sa ki?"

"Baba, wallahi bai san komai ba."

"To ke ce da kanki."

Na durƙusa a bakin darduma, idona a kan zanenta.

"Ki ce min ba ke ba ce, in ji da kunnena."

Masu karatu, kalma uku ce kawai. Ba ni ba. Da na faɗe su da Asabar tana nan daram. Amma in ba ni ba ce, saura mutum ɗaya, kuma tana bayan bangon nan tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Na tuna yadda ta share ido ta ɗora wa albasa laifi. Na ja bakina na yi shiru, karo na biyu a sati ɗaya.

Baba ya gyaɗa kai. "Shi ke nan. Ki kira shi ki ce kada ya wahalar da manyansa. Asabar babu." Ya tashi ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Gwaggo ta yafa mayafi tana cewa ita dama tun farko jikinta bai ba ta ba, ta tafi.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da mayafina a jiki. Ko kuka na kasa, gajiyar ta fi ƙarfin hawaye. Saƙonni huɗu na tarar.

"Na cika alkawari, ban ce komai ba."

"Hular ce ta ci amanata."

"Wace ce ta rubuta takardar nan? Allah ya saka mata."

"Ki yi magana mana. Hankalina ba a kwance yake ba, ina tashi aiki zan biyo."

Na rubuta, "Kada ka zo. Baba ya ce Asabar babu." Ina kallon rubutun, yatsana a kan wurin turawa, sai aka zare wayar daga hannuna. Umma ce. Ta kife ta a kan gado. Ta canza kaya, ta sa doguwar rigarta ruwan ƙasa da take sawa in za ta je makaranta a da, ta ɗaura ɗankwali tsaf. Gefen hannun rigar duk ƙura da yanar gizo.

"Na ji duk abin da aka yi," ta ce. "Wa ya ce ki ɗaukar min kayana?"

"Umma, ba na so ya..."

"Na haife ki ne don ki riƙa tare min faɗa?" Ta zauna kusa da ni. A tafin hannunta akwai ƙararrawar keken Yaya, ta yi tsatsa a gefe, an kwance ta da wuƙar kicin. "Bari in gaya miki abin da ba ki lura ba. Babanki ba yaron nan yake ƙi ba. Ya bincika shi tun tuni, bai samu abin kushewa ba. Yayanki in ya dawo aiki sau nawa yake kaɗawa a ƙofa?"

Sau biyu. Ban taɓa haɗa su ba.

"Duk ranar da yaron nan ya zo ya kaɗa, sai Babanki ya zabura ya miƙe tsaye kafin ya tuna. Ina kallon sa. Sai ya koma ya zauna ya kama faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shekara uku yana tsammanin na ɗora masa laifi, ni kuma ina tsoron in buɗe baki ya ɗauka hakan ne. Yau dai an buɗe." Ta miƙe. "Ki zauna a nan."

Ban zauna ba. Na bi ta har tsakar gida, na ga ƙofar sito a buɗe, an jawo keken Yaya waje, zanen gadon yana ƙasa. Umma ta ƙwanƙwasa ɗakin Baba sau ɗaya, ba ta jira izini ba ta shiga ta rufe.

Na zauna a kan matakala. Ban ji ɗaga murya ba. Na ji muryar Umma tana tafiya a hankali, doguwar magana, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba. Sannan na ji wani sauti da ban san shi ba, sai daga baya na gane Baba ne yake kuka. Na toshe bakina da mayafi. Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gidan, wayata tana can a kife da saƙon da ban tura ba.

Sai aka kaɗa ƙararrawa a ƙofar gida. Sau biyu.

Na zabura zan ruga in ce masa ya juya, amma ƙofar Baba ta riga ni buɗewa. Ya fito ba takalmi, ba hula, idanunsa jajur, ƙararrawar Yaya a dunƙule a hannunsa.

"Koma ki zauna," ya ce. "Ni zan buɗe."

Ya wuce keken Yaya, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Ya zare sakata. Ƙararrawa yana tsaye riƙe da kekensa, hular a kai, murmushin da ya tanadar min ya daskare a fuskarsa. Ya yi saurin cire hular ya rusuna yana gaisuwa, harshensa yana sarƙewa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon sa, ya kalli keken, ya kalli titin da motoci suke wucewa a guje a bayansa.

"Shigo da shi ciki," Baba ya ce. "Ba a barin keke a titin nan."

Yanzu minti arba'in ke nan suna falo su biyu, ƙofa a rufe. Baba bai janye maganar Asabar ba, ban kuma ji ya maimaita ta ba. Umma ta kai musu shayi ta fito, na tambaye ta da ido, ta ce in gyara mayafina ya karkace. Ina zaune a kan matakala ina rubuta muku wannan, keke biyu a jingine a gabana, ɗaya da ƙura ɗaya babu. Saƙon nan na goge shi.

Ga ƙofar falon nan ta buɗe, Baba yana kira na.